Jan Dangwalen Xiaogang: Wa Ya Fara Raba Gonakin Sin?

A Gidan Tarihi na Ƙasa da ke gabashin dandalin Tiananmen, a birnin Beijing, akwai wata 'yar takarda da aka yi wa rajista da lamba GB54563. A samanta an rubuta watan Disamba na 1978, sai 'yan layuka na rubutun hannu, sai jerin sunaye, wasu da dangwalen yatsa cikin jar tawada, wasu da hatimi. Da wuya a sami ɗan Sin da ya yi makaranta bai ji labarinta ba. Ana koya musu cewa wani dare manoma 18 na ƙauyen Xiaogang, a gundumar Fengyang ta lardin Anhui, sun haɗu a ɓoye a ɗakin wani mutum mai suna Yan Lihua, suka yanke shawarar raba gonar haɗaka gida-gida, kowa ya noma nasa. A wancan zamani wannan laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku. Shi ya sa suka ƙulla alkawari a rubuce: kowane gida zai biya hatsin da gwamnati ta ɗora masa, ba za su ƙara miƙa wa hukuma hannu neman kuɗi ko abinci ba, in kuwa asiri ya tonu aka ɗaure shugabanninsu ko aka kashe su, sauran za su riƙe musu 'ya'ya har su kai shekara 18.

Daga wannan ɗaki, in ji littattafan makaranta, gyaran tattalin arzikin Sin ya taso. Shugabannin ƙasar uku a jere sun taka har ƙauyen: Jiang Zemin a 1998, Hu Jintao a 2008, Xi Jinping a 2016. A Disambar 2018, da ake bikin cika shekara 40 da fara gyaran, an karrama waɗannan manoma cikin jagororinsa. Amma tun shekarun 1990 'yan jarida da marubuta a cikin Sin kanta suke tambaya: shin takardar nan da ke bayan gilashi ita ce aka dangwala wa yatsa a daren? Wanda kuwa ya bi diddigin wannan tambaya, zai ga ta ja shi zuwa wata da ta fi ta girma, wato wa ya fara wannan gyara, kuma me manoma suka samu da shi.

Kafin a taɓa takardar, sai an san irin tsoron da ya haife ta. Fengyang ƙasar fari ce da ambaliya. Nan ce mahaifar Zhu Yuanzhang, wanda ya kafa daular Ming a 1368, shi kansa ya yi bara a ƙuruciyarsa, kuma tun zamanin da an san mutanen gundumar da fita yawon bara da 'yan ganguna idan hatsin rumbu ya ƙare. A 1958 Mao Zedong ya ƙaddamar da shirin Babban Tsalle. Aka tattara gonaki da dabbobi da kayan aiki cikin manyan gandayen haɗaka, aka buɗe ɗakunan girki na gama-gari, jami'ai suka riƙa ƙara gishiri a yawan amfanin da aka girbe, gwamnati kuma ta karɓi rabonta bisa lissafin ƙarya. Yunwar da ta biyo baya daga 1959 zuwa 1961 ta ci rayuka miliyoyi. Ɗan jaridar Sin Yang Jisheng, wanda ya shafe shekaru yana tonon takardun larduna, ya ƙiyasta miliyan 36. Anhui na cikin lardunan da abin ya fi muni. A Xiaogang kaɗai, ƙauyen da bai kai gida 40 ba, mutum 60 ko fiye suka mutu, gidaje shida suka ƙare ƙurmus. Mutanen da suka taru a ɗakin Yan Lihua suna cikin waɗanda suka tsira daga wannan yunwa.

Bayan yunwar an sassauta, amma tsarin bai canza ba. Da safe a kaɗa ƙararrawa ko a busa usur, kowa ya fita gonar rukuni, da yamma akawu ya rubuta masa maki. Mai ƙwazo da mai jan ƙafa makinsu kusan ɗaya ne, to wa zai kashe kansa? Manomin Hausa zai gane wannan da sauri, don ya san bambancin yadda matashi ke riƙe fartanya a gandu da yadda yake riƙe ta a gayaunarsa, sai dai a nan maigidan gandun gwamnati ce, ita ke faɗin abin da za a shuka, ita ke sa farashi, ita ke fara ɗiba. Xiaogang na da gidaje 20 da mutum 115 a 1978, kuma fiye da shekara 20 ba ta sayar wa gwamnati ko ƙwayar hatsi ba, sai dai ta ci tallafi ta fita bara. An gwada raba rukunin gida biyu, aka koma huɗu, aka koma takwas, har ya zama uba da ɗa ko wa da ƙane ne a ƙungiya guda, duk da haka rigima ba ta ƙare ba. Ga kuma farin 1978, wanda ya ƙone Anhui tun daga bazara har kaka.

To, ina matsalar takardar? Abu na farko da ido ke gani shi ne lissafi. Labari ya ce mutum 18, sunayen da ke kan takardar kuwa 20 ne. Masu kare ta suna da amsa: magidanta biyu suna can wajen bara a daren, danginsu ne suka dangwala musu. Amsa ce mai shiga hankali, tun da gidajen ƙauyen 20 ne. Na biyu kwanan wata. Ranar da aka fi ambata ita ce 24 ga Nuwamba, takardar kuma Disamba ta ce, ba tare da rana ba. Shi ma wannan ana iya yi masa uzuri, don manoma da kalandar wata suke lissafi, ba ta bature ba. Cewar da ake yi sunayen duk rubutun hannu ɗaya ne ba ta dame ni ba ko kaɗan, domin da yawansu ba su iya rubutu ba, Yan Hongchang, mataimakin shugaban rukunin, shi ne mai ɗan ilimi, shi ya rubuta.

Inda gizo ke saƙa shi ne hanyar da takardar ta bi ta isa Beijing. Ba jami'in bincike ne ya ƙwace ta a 1979 ba, ba kuma a ma'ajiyar gunduma aka tsinto ta ba. Ta hannun wani ma'aikacin kamfanin fina-finan labarai na gwamnati ta fito, wanda ya je ƙauyen ɗaukar fim a farkon shekarun 1980, lokacin da raba gona ya tashi daga laifi ya koma abin yabo. Daga hannunsa ta shiga Gidan Tarihin Juyin Juya Hali, wanda aka haɗe da wani a 2003 ya zama Gidan Tarihi na Ƙasa. Masu shakka suna cewa takardar ta yi tsabta fiye da kima, ba ta yi kama da abin da ya shekara uku ko huɗu a ɓoye cikin ɗakin jinka mai hayaƙi ba. Suna kuma nuni da cewa rahotannin farko da aka rubuta kan ƙauyen ba su yi maganar wata takarda mai dangwale ba, sai daga baya ta shigo labarin.

Abin da ya ƙara dagula ruwan shi ne su kansu masu abin ba su yi baki ɗaya ba. Yan Junchang, wanda shi ne shugaban rukunin a lokacin, da wasu da suka halarci taron, sun faɗa wa 'yan jarida cewa wadda ke gidan tarihi ba ita ce ta daren ba, an sake yin ta ne don masu fim. Yan Hongchang kuwa ya tsaya kai da fata cewa ita ce, har ya gaya wa gidan rediyon NPR na Amurka a 2012 cewa cikin gora ya cusa ta a rufin ɗakinsa. Mutanen nan biyu dangin juna ne, kuma sun daɗe suna jayayya kan wanda ya jagoranci abin. Kada a yi saurin yi musu dariya. Mutanen da suka tashi suna bara, suka wayi gari sunansu ya shiga tarihin ƙasa mai mutum fiye da biliyan ɗaya, dole tambayar wa ya fara magana a daren ta zama babba a wurinsu.

A nawa ganin, nauyin hujja ya fi karkata ga cewa takardar Beijing sake rubutawa ce, wadda mutanen da suka yi abin suka dangwala wa yatsunsu na gaskiya bayan wasu shekaru. Amma ko da haka ne, abin da ta ƙunsa bai faɗi ba, kuma dalilina shi ne shaidun da suka riga ta fitowa, tun lokacin da babu wanda zai ci riba da labarin. A bazarar 1979 shugabannin gandun haɗakar da Xiaogang ke ƙarƙashinsa sun gano cewa an raba gona, suka hana ƙauyen iri da taki da rance. Sakataren Jam'iyyar Kwaminis na gunduma, Chen Tingyuan, ya je ya ga shuka ta yi kyau, ya ce a ƙyale su har kaka, kada dai abin ya yaɗu. A ƙarshen shekarar wani jami'in gunduma ɗan asalin yankin, Wu Tingmei, ya rubuta rahoto. Ya ce ƙauyen ya girbe hatsi kimanin tan 66, daidai da jimlar abin da ya samu a shekaru biyar daga 1966 zuwa 1970, gyaɗa da sauran amfanin mai kuma sun kai na shekara 20 a haɗe, kuɗin shigar mutum ɗaya ya tashi daga yuan 22 zuwa 400. A Janairun 1980 sakataren jam'iyya na lardi, Wan Li, ya je da kansa ya bi gida-gida yana leƙa rumbuna. Raba gonar dai ya faru. Batun riƙon 'ya'ya kuma, duk saɓanin da ke tsakanin Yan Junchang da Yan Hongchang, ba su saɓa a kansa ba.

Wannan sharaɗi na riƙon marayu shi ya fi tsaya mini a rai. Mutumin da yake so ya ɓoye laifi ba ya rubuta shi. Idan har sun rubuta, ko sun rantse da baki, to ba don gwamnati suka yi ba, don junansu suka yi: kowa ya sa yatsa, kada gobe wani ya zame ya ce ba ya nan. Babu kotun da za su kai wannan alkawari, babu dokar da za ta kare su. Abin da kawai suke da shi shi ne amanar maƙwabci.

Yanzu sai babbar tambaya. Shin su suka fara? A'a, kuma wannan ba a ɓoye yake ba. Tun 1956, shekarar da aka kammala haɗe gonaki, gundumar Yongjia ta lardin Zhejiang ta gwada ɗora wa kowane gida alhakin gonarsa. Mataimakin sakataren gundumar, Li Yunhe, wanda ya kare tsarin a rubuce, an yi masa tambarin ɗan ra'ayin dama, aka kore shi daga jam'iyya, aka tura shi aikin ƙarfi. A 1961, yunwa na tsakiyar ci, sakataren Anhui Zeng Xisheng, wanda shi kansa yana da babban kaso a alhakin yunwar, ya ƙyale a raba abin da aka kira gonakin alhaki, kafin shekara ta ƙare mafi yawan rukunonin noma na lardin sun karɓa. A Yulin 1962 Deng Xiaoping, ɗaya daga cikin manyan jam'iyya, ya yi maganar nan tasa da ta shahara, cewa launin kyanwa ba shi ne abin dubawa ba muddin tana kama ɓera, kuma kan wannan batu na gona ya yi ta. Wata guda bayan haka, a taron shugabannin jam'iyya a Beidaihe, Mao ya yi tir da noman kai-da-kai, aka rufe maganar. Da Juyin Al'adu ya zo a 1966, zancen kyanwar na cikin laifuffukan da aka lissafa wa Deng. Ashe dattawan Xiaogang ba sabon abu suka ƙirƙiro ba. Sun taɓa ganinsa da idonsu a 1961, sun ga ya ciyar da mutane, sun kuma ga abin da ya sami masu goyon bayansa.

Ko a 1978 ɗin ma an riga su. A watan Satumba, fari ya hana shuka alkama, gwamnatin lardi ta yarda a ara wa manoma filayen da rukuni ya kasa nomawa. A yankin Shannan na gundumar Feixi, sakataren yankin Tang Maolin ya bi ta wannan 'yar kafa ya bari aka raba gonaki gida-gida, kuma abin ya shafi dubban mutane, ba gidaje 20 ba. A lardin Sichuan, inda Zhao Ziyang ke mulki tun 1975, gundumar Guanghan na gwada ba ƙananan ƙungiyoyi kwangila. A Guizhou ma haka. Masu bincike sun nuna cewa a lunguna da dama manoma sun daɗe suna faɗaɗa 'yan filayensu a asirce, jami'an ƙauye suna kau da kai don su ma cikinsu ɗaya da na kowa.

Wani abin da tarihin hukuma ba ya son a daɗe a kansa shi ne wannan. Ana cewa babban taron Kwamitin Tsakiya na jam'iyya da aka yi daga 18 zuwa 22 ga Disambar 1978 shi ya buɗe ƙofar gyara. Gaskiya ne ya juya akalar jam'iyya daga gwagwarmayar aji zuwa gina tattalin arziki, ya kuma amince a ƙara wa manoma farashi. Amma daftarin da ya fitar kan noma ya haramta raba gona da ba wa gida kwangila ƙarara. Wato a makonnin da mutanen Xiaogang ke auna filaye da igiya, shugabannin da daga baya aka ce su suka jagoranci abin suna Beijing suna hana shi. A 15 ga Maris 1979 jaridar jam'iyya ta buga a shafinta na farko wasiƙar wani mai suna Zhang Hao da ke sukar ko da raba aiki ga ƙananan ƙungiyoyi, tare da sharhin edita mai goyon baya. Jami'ai a larduna suka ɗauke ta a matsayin hannunka-mai-sanda daga sama, wurare da yawa suka fara ja da baya. Wan Li ya zagaya gundumomi yana ce wa mutanensa jarida ba za ta ba su abinci ba idan kaka ta zo, su ci gaba da abin da suka shuka.

Deng bai fito fili ba sai 31 ga Mayu 1980, inda ya yaba da Feixi da Fengyang. A lokacin ma'aunin iko ya riga ya karkata: an ɗauko Wan Li zuwa Beijing an ba shi harkar noma, Zhao Ziyang na dab da karɓar kujerar firaminista daga Hua Guofeng, Hu Yaobang na riƙe da sakatariyar jam'iyya. Duk da haka, da aka tara sakatarorin larduna a Satumba, sai da aka yi cacar baki. Na Heilongjiang, mai faffaɗan fili da taraktoci, ya ce noman haɗaka shi ne babbar hanya. Na Guizhou, mai duwatsu da talauci, ya ce a bar shi ya bi ta siririyar gadarsa. Wani jami'i mai suna Du Runsheng ne ya tsara matsayar da ta fito, wadda ta ƙyale yankunan da suka fi talauci kawai. Da ƙofa ta ɗan buɗe kuwa, kowace gunduma sai ta gano cewa ita ma matalauciya ce. A Janairun 1982 takardar farko ta shekara daga Kwamitin Tsakiya ta ayyana tsarin a matsayin wani nau'i na gurguzu, kafin ƙarshen 1983 fiye da kashi 90 cikin ɗari na rukunonin noma sun koma kansa, zuwa 1985 an rushe gandayen haɗaka baki ɗaya.

Hatsin da ƙasar ke girbewa ya tashi daga tan miliyan 305 a 1978 zuwa miliyan 407 a 1984. Adalci ne a ce ba raba gona kaɗai ya kawo wannan ba. A 1979 an ƙara farashin hatsin da gwamnati ke saye da kashi 20 cikin ɗari, wanda ya wuce ƙa'ida kuma da ƙarin kashi 50. Manyan masana'antun takin zamani da aka sayo daga waje a farkon shekarun 1970 sun fara aiki, irin shinkafar da Yuan Longping ya inganta ya soma yaɗuwa tun 1976, madatsun ruwa da magudanan da aka haƙa da gumin mutane a zamanin haɗaka suna nan. Masanin tattalin arziki Justin Yifu Lin ya lissafa a 1992 cewa kusan rabin ƙarin amfanin ya fito ne daga sabon tsarin. Rabi ba ƙaramin abu ba ne, amma ba duka ba ne. Haka kuma, a ƙarshe abin da ya taso daga ƙasa ya koma umarni daga sama: wuraren da haɗaka ta yi musu amfani, suka so su ci gaba da ita, an matsa musu sun raba. Frederick Teiwes da Warren Sun, waɗanda suka tantance takardun wannan zamani, sun ma nuna cewa Hua Guofeng ya fi yadda ake faɗa sassauci a harkar karkara, Deng kuma ya fi yadda ake faɗa jinkiri.

Idan an tattara wannan duka, amsar da ta fito ita ce: manoman Sin sun yi ta yunƙurin kama gonarsu tun ranar da aka karɓe ta, sau uku ko fiye ana danne su. Abin da ya bambanta 1978 zuwa 1980 shi ne an sami jerin jami'ai, daga gunduma zuwa lardi, da suka ƙi hukunta su har kaka ta zo ta yi musu shaida, kuma Mao ba ya raye balle ya tsawatar. Jarumtar manoman gaskiya ce. Amma Li Yunhe ma jarumi ne, shekarunsa 20 suka tafi a wulaƙance.

To me ya sa aka zaɓi Xiaogang, aka bar Shannan da Guanghan? Wani ɓangare na amsar a fili yake: labarin na da dare, da fitila, da rantsuwa, da jan dangwale, abin da ke zama a zuciya. Tsarin da suka bi ma shi ne ya yi nasara a ƙarshe, don ya fi sauƙi: ka biya na gwamnati, ka ajiye na rukuni, saura duk naka ne, babu maki babu akawu. Amma akwai ɓangaren siyasa. A farkon shekarun 1980 manoma na da wata magana da ke cewa mai son shinkafa ya nemi Wan Li, mai son hatsi ya nemi Ziyang. Amma wasu daga cikin jagororin wancan lokaci ba su wanye lafiya da jam'iyya ba. Hu Yaobang an sauke shi a Janairun 1987. Mutuwarsa a 15 ga Afrilu 1989 ce ta fito da ɗalibai dandalin Tiananmen. Zhao Ziyang ya ƙi yarda a tura soja, aka tuɓe shi bayan kisan da sojan suka yi a 4 ga Yuni, ya zauna a tsare a gidansa har ya rasu a Janairun 2005. Kaset-kaset ɗin da ya naɗa a asirce sai a 2009 aka buga su, a wajen babban yankin ƙasar. Har yau da wuya a ga sunansa a littafin makaranta. Labarin da ya ƙunshi manoma 18 a ƙasa da Deng a sama ba ya buƙatar a ambaci Zhao, ba ya kuma buƙatar a tuna cewa jam'iyyar ce ta hana abin shekara 20 da wani abu.

Akwai kuma wani mutum da ya sa hannu a wata takarda a makonnin nan. A 5 ga Disamba 1978 wani ma'aikacin lantarki a gidan namun daji na Beijing, Wei Jingsheng, ya liƙa rubutu a bangon Xidan, inda jama'a ke manna ra'ayoyinsu, yana cewa zamanantar da noma da masana'antu da kimiyya da tsaro ba za ta tsaya ba sai da ta biyar, wato dimokuraɗiyya. Ya sa sunansa da adireshinsa. An kama shi a ƙarshen Maris 1979, kashegari Deng ya shimfiɗa ƙa'idoji huɗu da ba a taɓawa, cikinsu har da jagorancin Jam'iyyar Kwaminis. A Oktoba aka yanke wa Wei shekara 15. A kakar da Xiaogang ta cika rumbunanta ke nan. Iyakar gyaran Sin a nan aka shata ta, kuma ba ta gusa sosai ba tun daga lokacin: kana iya neman abincinka da dukiyarka, har ka wuce doka in sakamako ya yi kyau, amma ba ka tambayar wa ya ba mai mulki mulki.

Ba a ce babu abin da ya motsa a siyasar karkara ba. Da gandun haɗaka ya rushe, aka rasa mai gyara rijiya da mai sasanta rigima, manoman ƙauyen Hezhai a Guangxi suka zaɓi kwamitinsu da kansu a 1980, gwamnati ta ɗauki abin ta mai da shi doka ta gwaji a 1987, ta tabbatar a 1998. A 2006 an soke harajin noma, wanda manoman Sin suka shafe fiye da shekara 2,000 suna biya. Xiaogang kanta ba ta yi arziki da wuri ba. Mutanenta na cewa cikin shekara guda suka ƙoshi, amma shekara 20 ba su taka ƙofar wadata ba, matasanta suka bi sahun miliyoyin da ke tafiya ci-rani masana'antun bakin teku.

Gonar kuwa har gobe ba ta manomi ba ce. Ta al'ummar ƙauye ce a doka, shi haƙƙin amfani kawai yake da shi, na wa'adi: shekara 15 aka ba shi a 1984, aka ƙara 30 a 1993, aka yi alkawarin wasu 30 a 2017. Ba ya iya sayar da ita, kuma idan birni ya matso, hukumar yanki ce ke karɓa ta biya diyya kaɗan ta sayar wa magina da tsada. A 2011 mutanen ƙauyen Wukan a lardin Guangdong sun tashi kan filayen da suka ce shugabanninsu sun sayar a bayan idonsu, suka kori jami'ai, suka tare hanyoyin shiga gari. Ɗaya daga cikin wakilansu ya mutu a hannun 'yan sanda. Gwamnatin lardi ta sassauta, ta bari suka yi zaɓe na gaskiya a 2012, suka zaɓi jagoransu Lin Zuluan. A Yunin 2016, yana shirin sake fito da jama'a saboda sun ce mafi yawan filayen ba su dawo ba, aka kama shi, aka nuno shi a talabijin yana amsa laifin cin hanci, aka ɗaure shi wata 37. Da mutanen garin suka ci gaba da zanga-zanga, a watan Satumba 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga da asuba, aka kama da dama, tara daga cikinsu aka yanke musu ɗaurin shekara biyu zuwa goma.